Yadda Ake Ƙwato Awa 2 Na Karatu Ko Aiki Daga Hannun Waya

Na daɗe ina koyar da darasin yamma ga yaran da ke shirin JAMB da WAEC, da safe kuma ina zaman ofis, inda rabin wunina ke tafiya wajen rubuta rahoto da haɗa lissafi. Wuraren biyu ciwonsu ɗaya. Yaro zai ce, “Malam, wallahi jiya awa huɗu na yi ina karatu.” Ka ce to faɗa min abu uku da ka riƙe, sai ya hau sosa ƙeya. Kuma ba ƙarya ya yi ba. Ya zauna awa huɗun, littafi a buɗe a gabansa, sai dai wayar na kan cinyarsa, duk layi biyar sai ya leƙa. Ni ma da nake masa faɗa na taɓa saka kuɗin man janareta a layin albashin masu gadi, don kawai na tsaya amsa saƙon ɗaurin aure a tsakiyar lissafi. Sai da takardar ta je teburin oga ta dawo da jan biro.

Tsarin da zan bayyana da shi na gyara kaina, kuma a kansa nake ɗora kowane sabon aji a makon farko. Burinsa bai da yawa: awa 2 a rana da hankalinka ke kan abu guda. Ba sai ka sayar da wayarka ba, ba kuma sai ka fita daga Facebook ba. Abin da na gano shi ne duk wanda ya ce zai yi kokawa da waya da ƙarfin zuciya, tana gabansa yana gabanta, ita za ta kayar da shi. Shirin da ka yi kafin ka zauna shi ne ke cin nasara.

Ɗan bayani kafin a fara

Hausawa sun gama magana da suka ce taura biyu ba ta taunuwa. Mutum na iya haɗa tafiya da hira, don tafiya ba ta neman tunani. Amma abu biyu masu neman tunani, kamar fahimtar sakin layi da amsa saƙo, ƙwaƙwalwa ba ta yin su tare. Tsalle take yi tsakaninsu, kowane tsalle kuma da kuɗinsa. Wata mai bincike, Sophie Leroy, ta nuna a 2009 cewa idan mutum ya bar aiki bai kammala ba ya koma wani, wani sashe na hankalinsa na nan maƙale a na farkon. Shi ya sa saƙon da ka karanta cikin daƙiƙa 10 zai ci gaba da yi maka yawo a ka bayan ka ajiye wayar, idonka na kan littafi, zuciyarka na tsara amsa.

Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine a Amurka ta shafe shekaru tana auna tsawon lokacin da mutane ke tsayawa kan abu ɗaya a fuskar kwamfuta kafin su sauya. A 2004 ta samu kimanin minti 2 da rabi. A 2012 ya sauko zuwa daƙiƙa 75. A awon baya-bayan nan ya koma wajen daƙiƙa 47. Ka ajiye wannan kusa da jarrabawar JAMB: tambaya 180 cikin awa 2, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya, ɗaya na bin ɗaya ba hutu. Wanda bai saba zaman minti 10 ba tare da leƙa waya ba, a ɗakin jarrabawa zai gane kurensa.

Kayan da za ka tanada

Agogo wanda ba na babbar waya ba. Na hannu, na bango, ko ƙaramar Nokia mai tocila, wadda matasa ke wa laƙabi da rakani-kashi. Wannan shi ne kayan aiki mafi muhimmanci, don da sunan “bari in duba lokaci” ake yawan faɗawa rami.

Littafin rubutu ƙarami da biro, daban da wanda kake rubuta darasi a ciki.

Fitila mai caji ko ta sola, ga mai karatun dare. Wanda ke haska littafi da tocilar wayarsa ya riga ya riƙe abokiyar gabarsa a hannu.

Kalkuleta na hannu da ƙamus na takarda, idan aikinka na buƙatarsu. Na aro ma ya wadatar.

Wurin ajiye waya: durowa mai makulli, ƙasan akwati, ko hannun wani da kake jin nauyinsa.

Ruwan sha a kusa, don kada ƙishirwa ta zama hujjar tashi. Idan gidanku da hayaniya, ƙara da abin toshe kunne na soso. Idan babu, auduga ma tana ragewa.

Mataki na 1: Auna ɓarnar tukuna

Kwana 3 na farko kada ka canza komai. Ka zauna karatu ko aiki yadda ka saba, sai dai duk sanda hannunka ya kai ga waya, ka ja ɗan layi a ƙaramin littafin nan. Ko lokaci ka duba, ja layi. Da dare ka ƙirga.

Sannan ka shiga saitin wayar. A wayoyin Android, irin su Tecno, Infinix da Samsung, nemi Digital Wellbeing. A iPhone sunansa Screen Time. Zai nuna maka awa nawa ka yi a kowace manhaja, sau nawa ka buɗe wayar, sanarwa nawa ta shigo. Kafin ka duba, ka rubuta hasashenka a takarda. Har yau ban ga ɗalibin da hasashensa ya kai abin da wayar ta nuna ba. Wata yarinya a ajina ta rantse TikTok ba ya cin mata awa ɗaya a rana. Da ta ga lambar, rufe fuskarta ta yi da hijabi tana salati.

Kuskuren da ake yi a nan shi ne tsallake matakin, wai ai na san matsalata. Ba ka sani ba. Wani yana zargin Facebook, ashe guruf ɗin tsofaffin ɗalibai ne ke cinye shi. Idan wayarka tsohuwa ce ba ta da wannan ma'auni, duba sashen batir, yana nuna manhajar da ta fi shan caji, kuma yawanci ita ce ɓarauniyar.

Mataki na 2: Rufe bakin wayar

Wannan aikin minti 20 ne, sau ɗaya ake yin sa. Shiga sashen sanarwa ka kashe ta kowace manhaja in ban da kira da saƙon tes. Facebook, TikTok, Instagram, X, manhajojin labarai da na sakamakon ƙwallo, duk a kashe. Ba za su gudu ba. Duk sanda ka shiga da kanka za ka tarar da komai.

WhatsApp ya fi wuyar sha'ani, don a nan ake aiko sanarwar lakca, a nan kuma ake rigimar siyasa. Bi guruf-guruf ɗin ɗaya bayan ɗaya. Manhajar na ba ka zaɓin toshe ƙarar guruf na awa 8, na mako 1, ko har abada. Zaɓi har abada ga duk wanda ba na aji ko na aiki ba. Ba fita ka yi ba, ballantana 'yan uwa su ce ka yanke zumunci, kuma babu wanda za a sanar.

Daga nan saita Do Not Disturb, wato saitin da ke hana waya ƙara, yadda kiran mutum 3 ko 4 kaɗai zai shigo: mahaifi, mahaifiya, mai ɗakinka ko maigidanki, oga idan ya zama dole. Akwai kuma zaɓin barin kiran wanda ya sake kira nan take. A Android wanda ya maimaita cikin minti 15, a iPhone cikin minti 3. Ka kunna shi. Wannan ne ke kashe fargabar “idan wani abu ya faru a gida fa?”, wadda ita ce babbar hujjar da zuciya ke kawowa.

Gargaɗi: sa waya a jijjiga ba rufe baki ba ne. Wannan ɗan gurnanin a kan tebur shi ma yana jan hankali.

Mataki na 3: Zaɓi lokacinka

Allah Ya hutar da mu, salloli biyar sun riga sun yanka mana yini gida-gida. Ka jingina zamanka da ɗaya daga cikinsu, don kada kullum ka tsaya shawarar yaushe za ka fara. Ga ɗalibi, ban ga kamar bayan sallar asuba ba: gari shiru, zafi bai taso ba, masu aiko saƙo ba su farka ba. Sharaɗin kawai shi ne kada ka taɓa wayar tsakanin sallama da buɗe littafi. Idan ka fara da leƙa abin da ya shigo cikin dare, ka riga ka cika kanka da surutun mutum 50 kafin ka karanta layi ɗaya. Wanda safiyarsa ta aikin gida ce, kamar yawancin 'yan mata, bayan la'asar ko bayan isha'i ya fi masa.

Ina hana ɗalibaina abu guda: sayen datar dare mai arha da sunan karatu. Na ji wannan labarin ya fi sau shurin masaki. Za a sauke bidiyon darasi ɗaya, sauran dare ya tafi a fim da hira, a wayi gari ana gyangyaɗi a aji. Idan sai da datar dare za ka iya sauke kayan karatu, ware dare ɗaya a mako, rubuta abin da za ka sauke tun da rana, ka sauke, ka kashe, ka kwanta.

Mataki na 4: Rubuta aiki guda, tun daren jiya

“Zan yi Kimiyya” ba aiki ba ne, buri ne. Wanda ya zauna da irin wannan zai ɓata minti 15 yana juya shafuka, a wannan giɓin kuma waya ke shigowa. Rubuta abin da za a iya cewa an gama ko ba a gama ba: tambayoyin baya 20 na Lissafi daga shekara kaza, shafi na 40 zuwa 52 da taƙaitawa, sashen kashe kuɗi na rahoton wata. Aiki ɗaya ga kowane zama. Ka ɗora takardar a kan littafin ko a kan kwamfutar, ita ce farkon abin da idonka zai gani.

Mataki na 5: Kwashe kayan karatunka daga cikin waya

A nan ne yawancin mutane ke cewa, “To Malam, ai duk takardunmu a waya suke.” Gaskiya ne, malamai da yawa yanzu a guruf suke turo darasi. Sai dai buɗe darasi daga cikin WhatsApp kamar ka je ɗaukar littafi ne a tsakiyar gidan biki. Kafin ka fito sai ka gaisa da kowa.

Hanya mafi kyau ita ce ka kai shagon kwamfuta a buga maka a takarda. Idan kuɗin ya yi yawa, ku haɗu ku huɗu ko biyar, a buga ɗaya a yi fotokwafi, ko a sa shafi 2 a fuska ɗaya, gaba da baya.

Idan babu halin bugawa, ga yadda za ka yi. Da dare ka sauke fayil ɗin, ka tabbatar yana buɗuwa daga ma'ajiyar wayar ba tare da data ba. Lokacin karatu ka sa wayar a yanayin jirgin sama, ka buɗe fayil ɗin kaɗai. Android na da wani saiti da ke kafe manhaja ɗaya a fuska, ana samunsa a sashen tsaro da sunan App pinning ko Screen pinning. Na iPhone shi ne Guided Access. Idan ka kunna, sai ka bi wasu matakai kafin ka fita daga shafin. Wannan ɗan jinkirin kan isa ka tuna abin da ka zauna yi. Duk da haka ka sani wannan hanya ta biyu ce, ba ta kai takarda ba.

Bidiyon darasi ma haka: sauke shi tukuna, ka kalla ba data. Kallonsa kai tsaye a YouTube na nufin a gefe ana jera maka wasu 20 da aka zaɓo daidai da abin da ka fi so.

Mataki na 6: Raba jiki da ita

Wannan shi ne ƙashin bayan tsarin, kuma shi aka fi ha'inta. Kifa waya a kan tebur bai wadatar ba. Sa ta a aljihu bai wadatar ba. A 2017 Adrian Ward na Jami'ar Texas da ke Austin da abokan aikinsa sun gwada ɗalibai ɗaruruwa: wasu wayarsu na kan tebur a kife, wasu a aljihu ko jaka, wasu a wani ɗaki daban. Duk wayoyin shiru suke. Waɗanda tasu ke wani ɗaki su suka fi ƙoƙari a gwajin riƙe bayani da warware matsala. Ni abin da na gani a ajina bai saɓa da haka ba: yaron da wayarsa ke aljihu hannunsa na yawan sauka ya shafa ta, ko bai ciro ba.

Saboda haka fitar da ita daga ɗakin. Wanda ke gida ya miƙa wa mahaifiyarsa: “Umma, ga wannan ki riƙe min, kada ki ba ni sai ƙarfe takwas, ko na zo ina magiya.” Iyaye mata ba sa wasa da irin wannan amana, wani lokacin ma sai sun ƙara maka rabin awa. Kada ka ba ƙaninka, zai buɗe wasa ya shanye cajin, ko ya dawo maka da ita da ka harare shi. A ɗakin kwanan ɗalibai, kulle ta a akwati ka tafi aji ko laburare da makullin kaɗai. Mai ɗaki ɗaya ya sa ta a ƙasan jaka, ya zuge, ya ɗora jakar a saman durowa, inda sai ya tashi tsaye ya miƙa hannu.

Wanda dole a same shi, kamar mai jinya a gida ko mai jiran kiran aiki, ya cire layin ya sa a ƙaramar waya. Kira zai shigo, TikTok ba zai shigo ba.

Ka kuma gaya wa mutanen gida. Ba waya kaɗai ke katse mutum ba, akwai aike. “Baba, daga bayan la'asar zuwa biyar da rabi ina karatu, idan da aike in je kafin nan ko bayan nan.” Faɗa da ladabi, ka kuma cika naka alƙawarin na zuwa aiken, sai a ƙyale ka.

Mataki na 7: Yi aikin zango-zango

Wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya ƙirƙiro wannan dabara a ƙarshen shekarun 1980 yana ɗalibi, da agogon kicin mai siffar tumatir. Shi ya sa ake kiranta Pomodoro, wato tumatir da Italiyanci. Minti 25 na aiki, minti 5 na hutu. Bayan zango 4, hutu mai tsawo na minti 15 zuwa 30. Zango 4 da hutunsu shi ne awa 2 ɗin da muke nema.

Duba agogo, rubuta lokacin farawa da na tsayawa a saman takarda, ka fara. Ga abin da zai faru, gara in gaya maka tun yanzu. Minti 5 zuwa 10 na farko za ka ji kamar ƙaiƙayi a tafin hannu. Za ka tuna ba ka amsa wa wane ba. Za ka so sanin ko an biya albashi, ko nawa aka tashi wasan jiya, ko ma'anar wata kalma da ba ta da alaƙa da darasin. Kowanne zai zo da rigar gaggawa. Kada ka yi gardama da shi, kada kuma ka bi shi. Ɗauki ƙaramin littafin nan ka rubuta shi a layi ɗaya: “kira Yaya,” “duba kuɗin makaranta.” Ka koma aiki. Da zarar an rubuta, ƙwaƙwalwa kan saki, don ta san ba za a manta ba. Idan ka gama zaman ka duba jerin. Za ka yi mamakin yadda rabinsu ba su ma cancanci a yi ba.

Idan minti 25 ya fi ƙarfinka, fara da 15, ko 10. Ba abin kunya ba ne. Na fi son yaro ya yi minti 10 masu tsabta sau 3 da ya yi 25 na yaudarar kai. Idan kuma agogo ya cika kana tsakiyar warware lissafi, abin na tafiya, ƙarasa shi. Lambar 25 ba aya ba ce. Masu rubutu mai tsawo da yawa sun fi jin daɗin minti 50 da hutun 10, ni ma a ofis haka nake yi.

Kuskure babba: kunna waƙa mai baiti ko rediyo ana magana. Karatu da kalmomi ake yin sa, waƙar ma kalmomi ce, sai su yi ta karo. Idan don toshe hayaniya ne, soson kunne ya fi.

Mataki na 8: Hutu, amma ba na waya ba

A nan mutum 9 cikin 10 na ajina suke zamewa a makon farko. Ƙiyasina ne daga abin da suke faɗa min da bakinsu. An yi minti 25 lafiya, sai a ce bari in saka wa kaina da leƙe na minti 5. Babu leƙen minti 5 a manhajar da aka ƙera ta yadda ba ta da ƙarshen shafi. Ko ka iya fita a kan lokaci, ka dawo da sabon kaya a ka. Tashi ka miƙe, sha ruwa, wanke fuska, leƙa tsakar gida, kalli nesa don ido ya huta. Wayar sai an gama zaman gaba ɗaya.

Mataki na 9: Rufe littafin ka tambayi kanka

Minti 5 na ƙarshen kowane zama, rufe komai, ɗauki farar takarda ka rubuta abin da ka riƙe. Da Hausa ma ya yi. Sannan ka buɗe ka gwada. Almajiri ya san wannan tun da daɗewa: ba a wanke allo sai an bayar da hadda. Wannan ne zai nuna maka ko hankalinka na wurin ko jikinka ne kawai ya zauna, kuma shi kansa ƙoƙarin tunowar yana kafa karatun fiye da maimaita karantawa.

Mataki na 10: Idan a ofis kake

Ma'aikaci ba zai iya kai wayarsa wurin Umma ba, kuma kwamfutar da yake aiki da ita ita ce ke ɗauke da fitinar. Ga yadda nake yi.

Na farko, na cire WhatsApp daga burauzar kwamfuta. Ranar da na yi haka na gane shi ne ya fi kowa cin lokacina, don yana nan a buɗe a gefe, lambar saƙonni na hawa ina kallo. Na biyu, idan zan yi rahoto, shafukan da rahoton ke buƙata kaɗai nake bari a buɗe. Na uku, imel da saƙonni ina duba su sau 3: da na iso, kafin azahar, da kafin tashi. Wayar na cikin jaka a durowa, da saitin da ke barin kiran oga ya shigo.

Kada ka fara wannan a ɓoye, sai a ce ka fara girman kai. Je ka samu oga: “Ranka ya daɗe, ina so in riƙa rufe saƙonni daga tara zuwa sha ɗaya don in gama rahoton nan da wuri. Idan da gaggawa a kira ni kai tsaye.” Mafi yawan shugabanni rahoton suke so. Idan naka mai son a amsa masa nan take ne, nemi lokacin da yake taro ko bai iso ba, ko da minti 45 ne.

Katsewa kuwa dole ce a ofis: baƙo zai shigo, za a kira ka sama. Kafin ka tashi, ɗauki daƙiƙa 20 ka rubuta inda ka tsaya da abin da ke biye: “na gama layi na 14, saura in haɗa jimlar mai.” Sophie Leroy ɗin nan da abokiyar aikinta Theresa Glomb sun gwada irin wannan gajeren rubutu, suka ga yana taimaka wa mutum ya saki aikin farko ya fuskanci wanda ya katse shi. Ni kuma amfanin da na fi gani shi ne idan na dawo ba na sake bin lissafin daga sama. Da na san wannan tun farko, da kuɗin janareta bai shiga albashin masu gadi ba.

Wanda wayar ce shagonsa, kamar masu sayar da atamfa da turare ta WhatsApp, ba zai kashe ta awa 2 ba. Shi sai ya raba: minti 30 na amsa kwastomomi kaɗai, minti 30 na lissafi ko ɗaurin kaya wayar na gefe. WhatsApp Business na da saƙon da ke amsawa da kansa idan ba ka kusa. Rubuta a ciki lokacin da za ka dawo.

Mataki na 11: A aji da karatun rukuni

A lakca, wayar ta zauna a jaka a kashe, ka rubuta da hannu. Ɗaukar hoton allo ba rubutu ba ne. Hotunan nan suna nan a wayoyinku ɗari-ɗari ba wanda ya sake buɗe su. Ka kuma lura da inda kake zama. Wani bincike da aka yi a Kanada a 2013 ya nuna ɗalibin da ke yawo a kwamfutarsa lokacin lakca ba kansa kaɗai yake cuta ba, har waɗanda ke hango fuskar kwamfutar tasa makinsu ya ragu. Idan abokinka mai kallon bidiyo ne a aji, ku haɗu a waje, a ciki ka matsa gaba.

A karatun rukuni muna da kwando. Kowa ya jefa tasa, a kai kusurwa. Wanda ya fara tashi ya ɗauka kafin lokaci shi zai sayi ruwan leda na kowa. Tarar ba ta da yawa, dariyar da za a yi masa ce ke aiki. Ni ma tawa na shiga kwandon, don yara ba sa bin dokar da malam ya keɓe kansa daga ciki.

Mataki na 12: Ƙara nauyi a hankali

Makon farko zango 2 a rana ya isa. Mako na biyu 3, na uku 4. Kowace rana ka rubuta adadin zangon da ka kammala ba tare da taɓa waya ba. Zangon da ka leƙa a cikinsa ba ya shiga lissafi, ko da sau ɗaya ne. Ranar Juma'a ko Lahadi ka sake buɗe Digital Wellbeing ka gwada da lambobin kwana 3 na farko.

Za ka yi ranar da komai zai rushe, ka farka ka ga awa ta wuce kana kallon bidiyon girki. Kada ka ce tsarin ya ƙi, kada kuma ka ce gobe za ka rama da awa 6. Duba ta ina ɓarakar ta shigo: wayar na ɗakin ne? Ba ka rubuta aikin daren jiya ba? Barci ne bai ishe ka ba? Toshe wannan ƙofar, gobe ka koma adadin da ka saba. Idan manhaja ɗaya ce ke ta kayar da kai, sa mata iyakar lokaci a saiti, ka bar wani ya sa lambar sirrin. Idan hakan ma ya ƙi, cire ta daga wayar har a gama jarrabawa. Asusunka na nan, ba abin da zai same shi.

Mai shirin JAMB, idan ya kai mako na huɗu, ya ware rana ɗaya a mako ya cire hutun tsakiya gaba ɗaya: tambaya 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa 3, awa 2 cur da agogon bango. Idan akwai cibiyar kwamfuta kusa da ke ba da gwaji, ya je can ya yi ko sau 2 ne, don hannu ya saba da madannai. Ya rubuta a wace tambaya ce hankalinsa ya fara tashi. Makon farko yawanci wajen ta 50 ne ko kafin nan. Mako mai zuwa ya duba ko lambar ta matsa.